Kawuna yana so in sa sunan ƴar'uwarmu cikin masu tafiya Kanada

Assalamu alaikum. Ni ɗan asalin yankin Madawa ne a jihar Tawa, amma a Yamai nake aiki a matsayin tafinta, a wata ƙungiyar agaji da ke hira da ƴan gudun hijirar da ake duba yiwuwar sake tsugunar da su a wata ƙasa. Yawancin waɗanda nake yi wa tafinta daga Libiya aka kwaso su. Akwai wata ƴar'uwar mahaifiyata da ke aure a tsallaken iyaka, wajen Sabon Birni, ƴan bindiga suka kashe mijinta, ta gudo da ƴaƴa huɗu, ɗaya daga cikinsu yana fama da ciwon sikila, yanzu haka tana gidan kawuna. Kawu ya ce tunda ina cikin buro, in sa sunanta cikin masu tafiya Kanada, in kuma koya mata abin da za ta faɗa, ko da za a ƙara da cewa an sace ta an ci zarafinta, domin ya ji an ce irinsu ake fara ɗauka. Na ce masa ba ni da wannan iko, bai yarda ba. Inna kuma ta ce ina yi wa bare hidima na bar nawa, ko salula na kira ta ba ta sakin jiki da ni. Ga shi barci ya ƙaurace mini, labaran da nake fassarawa suna dawo mini da dare, ana kuma raɗe-raɗin rage ma'aikata. Shin in yi abin da suka ce, ko in ajiye aikin in huta?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya marayun da ya bari, ya kuma saka wa kawunka da alheri bisa buɗe ƙofar gidansa da ya yi. Zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko domin hankalinka ya kwanta kafin mu shiga bayani: kada ka koya wa wannan baiwar Allah kalma ɗaya da ba ta faru da ita ba, kada kuma ka ajiye aikinka kana cikin wannan hali na rashin barci da ɓacin rai. Sai dai ka sani cewa ka ce wa danginka a'a ka ja bakinka ka yi shiru ba zai wadatar ba, domin buƙatar da ta sa suka zo gare ka gaskiya ce, ko da hanyar da suka zaɓa ba ta ɓillewa.

Kawunka yana kallon aikinka ne kamar yadda aka saba ganin al'amura a wurare da yawa a ƙasarmu, inda wanda yake da nasa a cikin buro ba ya daɗewa a layi. Ba laifinsa ba ne da ya ɗauka haka, amma wannan aiki ba haka aka gina shi ba, kuma kai ka fi ni sani. Tafinta ba ya zaɓen kowa. Jami'in da ke yin hirar ma ba shi ke da magana ta ƙarshe ba, domin HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, miƙa dosiye kawai take yi, ƙasar da za ta karɓi mutum ita ke cewa ta karɓa ko ba ta karɓa ba, bayan jami'anta sun yi nasu binciken, sau da yawa har da sabuwar hira, an duba ta fuskar tsaro, likita ya duba lafiya, kafin OIM, hukumar duniya mai kula da ƙaura, ta shirya tafiya. Guraben kuma ƴan kaɗan ne ƙwarai. A ƙarshen 2024 mutanen da yaƙi da zalunci suka raba da gidajensu a duniya sun haura miliyan 123, kuma HCR ta ƙiyasta cewa ƴan gudun hijira miliyan 2.9 ne ke buƙatar a sake tsugunar da su a 2025, alhali waɗanda suka samu tafiya a 2024, shekarar da ta fi shekarun baya da yawa yalwar gurabe, ba su kai 190,000 ba. Daga nan kuma a watan Janairun 2025 Amurka, wadda ita kaɗai ta karɓi kimanin mutum 100,000 a 2024, ta dakatar da shirinta. Ko a lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, cikin ƴan gudun hijira ɗari da ƙyar ake samun ɗaya da ke tafiya a shekara. Wannan lissafi bai kamata ya tsaya a kanka kai kaɗai ba. Kawunka yana da haƙƙin ya ji shi, domin mutumin da ya san girman layin ba zai ci gaba da zargin cewa rowa kake yi masa ba.

Yanzu bari mu tsaya a kan maganar ƙara wa labarinta gishiri, domin nan ne haɗarin yake, kuma na fi jin tsoron abin da zai same ta fiye da abin da zai same ka. Tun ranar da aka yi wa ɗan gudun hijira rajista ake ɗaukar hoton yatsunsa da na ƙwayar idonsa, a rubuta sunayen iyalinsa, garin da ya fito, ranar da ya tsallako da dalilin gudunsa. Duk hirar da za a yi da shi daga baya, da wannan bayani na farko ake gwada ta, kuma hirarrakin suna iya ɗaukar shekaru, a hannun mutane daban-daban waɗanda aikinsu ke nan su koma kan tambaya ɗaya ta fuskoki da yawa. Macen da ta ga gawar mijinta ba za ta taɓa ruɗewa a kan wannan ba ko bayan shekara goma, amma labarin da aka haddace mata zai canza kama tsakanin hira ta farko da ta uku, kuma za a tambayi babban ɗanta shi ma. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka gano saɓanin, ba ƙarin kaɗai za a jefar ba, har gaskiyar da ke ƙarƙashinsa za a fara kokwanto a kanta, a rufe dosiyen, wata ƙasar ma ta haramta mata shiga har abada. Wanda kuma ya samu ya wuce da ƙarya yana zaune ne cikin fargaba, domin ana iya ƙwace masa takardun zama ko bayan shekaru idan abin ya fito.

Ɓarnar kuma ba ta tsayawa a gida ɗaya. A 2008 Amurka ta dakatar da shirinta na haɗa ƴan gudun hijira da iyalansu bayan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda aka rubuta a matsayin dangi, musamman a gabashin Afirka, ba dangi ba ne, kuma sai da aka yi shekara huɗu kafin a sake buɗe shi. Iyaye na gaskiya da ƴaƴansu na gaskiya su ne suka yi wannan jira. A 2018 an dakatar da aikin sake tsugunarwa daga Sudan saboda zargin cuwa-cuwa. Ka tuna da fuskokin mutanen da kake zama da su a ɗakin hira, ka ƙaddara cewa saboda abin da ka aikata aka rufe musu ƙofa na shekara ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi a wasiƙarka, wanda nake so ka sake karantawa da kanka. Kawu ya yi magana, Inna ta yi magana, kai ma ka yi, amma ban ji muryar matar da ake maganar a kanta ba. Ko an tambaye ta tana son tafiya ƙasar da ba ta jin harshenta, inda ba ta da uwa ba ta da ƴar'uwa, ta yi renon yara huɗu ita kaɗai? Wataƙila tana so, wataƙila kuma burinta bai wuce a samu lafiya ta koma gonar mijinta ba. Sannan ko an tambaye ta ta yarda a ce an ci zarafinta? Mu da muka san garuruwanmu mun san cewa irin wannan magana ba ta zama a takarda. Za ta fita, ta bi ta har wajen aure idan Allah ya kawo wani mijin, ta bi ƴaƴanta mata. Mata da yawa da abin ya faru da su da gaske suna haɗiye shi har kabari saboda nauyinsa, bai dace a ɗora shi a kan wadda Allah ya kare ba don neman gurbi a jirgi. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, wani abu ya same ta wanda ta kasa faɗa wa maza, to ba kai ne za ka tono shi ba, kuma ba a gaban kawu ba. Akwai ma'aikata mata da aka horar domin haka, kuma tana da damar ta nemi mace ta yi mata hira, mace ta yi mata tafinta.

Kawunka kuwa, ina roƙonka kada ka riƙe shi a zuci. Mutumin da ya ƙara baki biyar a kan rumbun da aka auna domin gidansa, a yankin da damina ke yi wa mutane yadda ta ga dama, ba mugu ba ne don ya nemi mafita. Shi ne ainihin mai ɗauke da nauyin gudun hijira a duniya, shi da ire-irensa, domin kusan kashi biyu cikin uku na ƴan gudun hijira a ƙasashen da ke maƙwabtaka da nasu suke zaune, kuma mafi yawan waɗannan ƙasashe ba masu arziki ba ne. Chadi ce ta karɓi ɗaruruwan dubban ƴan Sudan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Mu nan Nijar mun karɓi ƴan Mali tun 2012 a Abala da Ayaru da Intikan, mun karɓi waɗanda Boko Haram ta koro a Difa, tun 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suke kwararowa Maraɗi, daga baya har Bangi da ƙauyukan da ke kewaye da ita a yankinku. Kafin wata mota mai tuta ta iso, masu gari da talakawa ne suka fara ba su ruwa da tabarma. A ganina idan kawu ya ce Kanada, abin da yake nufi shi ne hatsi ya kusa ƙarewa, kuɗin maganin yaron nan ya fi ƙarfinsa, kuma yana jin an bar shi shi kaɗai. Wannan kukan kana da abin da za ka iya yi a kansa.

Maganar Inna ta fi zafi saboda daga uwa ta fito, amma ita ma tana da amsa, kuma amsar ba a salula za a ba ta ba. Zumunci a ƙafa yake. Ka nemi hutun ƴan kwanaki ka je gida, ka fara da gaisuwar ta'aziyya ga mai takaba ko da ta riga ta fita, ka zauna da Inna ku biyu kafin a tara kowa. Ka bayyana mata su waye waɗannan bare. A ƙarshen 2017 Nijar ta amince a riƙa kwaso mutanen da aka tsare a gidajen kaso na Libiya, a sauke su na ɗan lokaci a Yamai da Hamdallay kafin wata ƙasa ta karɓe su. Akasarinsu ƴan Eritiriya da Sudan da Somaliya da Habasha ne, ba su da kawu a Madawa, ba su da harshen da za su sayi ko gishiri da shi a kasuwa, gida kuma ba ya komuwa. Ba ka zaɓe su a kan danginka ba, an ɗauke ka ne ka zama bakinsu da kunnensu. Ba sai ka ba ta labarin kowa ba, domin sirrin ɗakin hira amana ne, amma uwa tana gane ɗanta idan ya ce mata: Inna, da bakina nake ci, ranar da aka kama ni na karkatar da magana, aikin ya tafi, sunan gidanmu ya ɓaci, ita kuma wadda muke son taimaka wa an rufe mata hanya. Idan akwai wani dattijo ko malami da kawu yake jin nauyinsa, ka tafi da shi lokacin da za ka zauna da kawun, domin magana ɗaya ce amma ta fi shiga idan ta fito daga bakin sa'a.

Kafin ka tafi, ka sanar da shugabanka a rubuce cewa kana da ƴar'uwa ƴar gudun hijira a jihar Tawa, kuma kana neman kada a taɓa haɗa ka da dosiyenta. Kada ka ji tsoron wannan, domin shi ne zai kare ka ranar da wani zai kai tsegumi, shi ne kuma zai kare ta idan wata rana aka zaɓe ta bisa cancanta, kada a ce ɗan'uwanta ne ya tura ta. Kada ka buɗe bayananta a na'ura ko don ka ga inda aka kwana, domin irin waɗannan na'urori suna ajiye sunan duk wanda ya leƙa. Idan ka isa, abu na farko da za ka tabbatar shi ne ko an yi mata rajista ita da yaran huɗu, kowa da sunansa da shekarunsa daidai, domin da yawa daga waɗanda suka sauka a gidajen dangi ba sa zuwa rajista, suna ganin ta mutanen sansani ce, alhali wanda ba a rubuta ba babu tallafin da zai same shi. Daga nan sai ta je da kanta wurin ma'aikatan kariya da ke kula da yankin, ta faɗi halin da take ciki yadda yake: an kashe mijinta, ita ke riƙe da marayu huɗu, ɗaya ba shi da lafiya. Wannan gaskiyar ba ƙarama ba ce. Mata da ke cikin haɗari da yara masu buƙata ta musamman suna cikin rukunan da ake dubawa, kuma abin da ya halatta ka koya mata shi ne kada kunya ta sa ta rage komai, kada ta ce lafiya lau alhali ba lafiya ba, ta kuma nemi a maimaita mata tambayar da ba ta gane ba.

Game da yaron, a nemi takardar likita da ke tabbatar da ciwon, a riƙa adana duk takardun kwanciya da na ƙarin jini, a kai kwafinsu a sa a dosiye. Amma kada ka bari a ɗora dogon buri a kan haka, domin ana fitar da marar lafiya ne galibi idan maganin da zai cece shi babu shi a ƙasar da yake, kuma guraben wannan rukuni sun fi kowanne ƙaranci. A nan Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu ciwon sikila. Tunda a garin kake, kawo shi a duba shi a tsara masa magani, ya sauka a wurinka, taimako ne da yake hannunka yau, kuma Inna za ta gan shi da idonta. Haka nan ka yanke wani abu daga albashinka, ko jika goma ne a wata, ka faɗa wa kawu adadin da ranar da zai riƙa zuwa, domin kaɗan da aka san lokacinsa ya fi mai yawa da ke zuwa sa'ad da aka tuna. Ka kira sauran dangi da ke Yamai da waɗanda ke ci-rani su sa nasu, kada ya zama kai kaɗai ne don an ji kana aiki da Turawa. A sa yaran lakkol, domin ɗan gudun hijira yana da damar zama aji ɗaya da ɗan gari, kuma wanda ya yi nisa a karatu akwai tallafin DAFI da ƙasar Jamus ke bayarwa tun 1992 domin shiga jami'a. Ita kuma uwar a tambaye ta sana'ar da ta iya tun can gida, ko ƙuli-ƙuli ne ko kiwon awaki, a haɗa mata jari.

Ka kuma ja kunnen kawu a kan abu ɗaya, domin mutumin da ɗansa ya ce masa a'a yakan faɗa hannun wanda zai ce masa i. Akwai masu yawo suna cewa sun san wani a ciki, a ba su kuɗi su sa suna. Duk abin da ya shafi rajista da sake tsugunarwa kyauta ne, wanda ya nemi ko dala ɗaya ɓarawo ne, ko daga waje yake ko daga ciki, kuma akwai hanyoyin kai ƙara a asirce, har zuwa ofishin babban mai bincike na HCR a Janeba.

Saura kai. Abin da ke hana ka barci sananne ne ga masu irin aikinka, kuma tafinta ya fi kowa kamuwa da shi, domin jami'i yana saurare ne yana rubutu, kai kuwa kowane labari sai ya bi ta bakinka, ka ce an ɗaure ni, an ƙona ni, an kira mahaifina yana jin ihuna domin ya aiko da kuɗi. Wanda ya yini yana faɗin haka ba zai kwanta kamar wanda ya yini a kanti ba, kuma wannan ba raunin imani ba ne. Ka nemi a riƙa ba ka hutu tsakanin hira mai nauyi da mai bi mata, ka nemi a riƙa cakuɗa maka da aikin takardu, ka tambaya ko ƙungiyarku tana da mai ba ma'aikata shawara a asirce, domin da yawa suna da shi amma mutanenmu ba sa zuwa don kada a ce sun gaza. Kada ka bai wa waɗanda kake yi wa tafinta lambar salularka, domin tausayin da ba shi da lokacin tashi daga aiki shi ke cinye mutum. Ka koma fada wurin abokanka ko ba ka jin daɗin hira, ka rage shayi bayan magariba, ka riƙe addu'o'inka na kwanciya. Idan wata ɗaya ya wuce mafarkan ba su ragu ba, ko ka ga kana yawan fushi da firgita, ko zuciyarka ta fara raya maka cewa rayuwa ba ta da amfani, ka ga likita ba tare da jinkiri ba.

Raɗe-raɗin rage ma'aikata kuwa ba zan ce maka ƙarya ne ba, tunda a 2025 HCR da kanta ta sanar da soke guraben aiki kusan 3,500 saboda ƙarancin kuɗi, kuma ƙungiyoyin da ke aiki da ita sun ji a jikinsu. Wannan dalili ne na ka fara shiri tun yanzu: ka karɓi takardar shaidar aiki, ka sabunta takardunka, ka riƙa ajiye wani abu, ka sa ido a kan wuraren da ake neman mai Hausa da Larabci da Faransanci, kamar asibitoci da kotuna da gidajen rediyo. Idan kwantaraginka ya ƙare da sunanka a wanke, waɗanda ka yi aiki da su za su neme ka a wani wuri. Idan kuma bayan ka dawo daga gida, ka samu barci, ka zauna da mai ba da shawara, har yanzu ka ga ɗakin hira ya fi ƙarfinka, to ka nemi a mayar da kai sashen rajista ko na koyar da sana'a kafin ka yi tunanin fita gaba ɗaya, kuma kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai ka san inda za ka sa ƙafa, domin yanzu akwai marayu huɗu da ke cikin lissafin albashinka.